Lantarki a Goshi da Damtse: Na'urorin da ke Yaƙar Ciwon Ɓarin Kai

A shekarar 1941, wani masanin halayyar ɗan'adam na Jami'ar Harvard mai suna Karl Lashley ya wallafa binciken da ya gudanar a kan kansa. Lashley yana cikin mutanen da ganinsu kan birkice lokaci-lokaci: wani ɗigo mai ƙyalƙyali ya bayyana kusa da tsakiyar abin da yake kallo, ya riƙa faɗaɗa yana lanƙwashewa, yana barin makanta a bayansa, har ya fice ta gefen ido. Duk sa'ad da abin ya taso, sai ya kafa ido wuri guda, ya riƙa zana siffar yana duba agogo. Daga waɗannan zane-zane ya lissafa cewa akwai wani abu da ke rarrafe a sashen gani na ƙwaƙwalwarsa, can wajen ƙeya, da saurin kimanin milimita 3 a minti ɗaya.

Bayan shekara uku, a wannan jami'ar dai, wani ɗalibi ɗan Birazil, Aristides Leão, ya ga abin da idonsa. Farfaɗiya yake nazari a kan zomaye. Da ya tsokani saman ƙwaƙwalwar zomo da lantarki, maimakon jijjigar da yake jira sai ya ga akasinta: ƙwayoyin wurin sun yi tsit, shirun kuma yana yaɗuwa a hankali zuwa maƙwabta. Daga baya aka gane cewa ƙwayoyin kan fara tashi gaba ɗaya ne sannan su mutu murus na ɗan lokaci, kamar wutar daji, harshen wuta a gaba, toka a baya. Saurin tafiyar ya yi daidai da lissafin Lashley.

Waɗannan mutum biyu su suka fara nuna cewa a ciwon ɓarin kai, wanda likitoci ke kira migiren, akwai hannun lantarkin jiki. To, in lantarki ne ke rikicewa, me zai hana a gyara shi da lantarki? Yau akwai na'urori da dama da Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, FDA, ta yarda a sayar saboda wannan ciwo. Ba a tsaga fata, ba a dasa komai. Wata a goshi ake manna ta, wata a wuya ake dannawa, wata a ƙeya, wata ma a damtse.

Ciwon da ya wuce ciwon kai

Wanda bai taɓa ɗanɗana shi ba yakan ɗauka ciwon kai ne da ya ɗan yi tsanani. Mai shi ya san ba haka ba ne. Kai yana sarawa, galibi ɓari guda, bugu bayan bugu. Zuciya tana tashi, wani lokaci har da amai. Hasken taga ya zama azaba, kukan yaro ko ƙamshin girki su ƙara wuta, hawa matakala ya gagara. Idan ba a sha komai ba, farmaki ɗaya kan ɗauki awa 4 zuwa 72. Kusan ɗaya cikin uku na masu ciwon suna samun irin gargaɗin da Lashley ya zana, na minti 5 zuwa 60, kafin sarawar ta iso.

Binciken nauyin cututtuka na duniya na 2019 ya ƙiyasta masu wannan ciwo sun haura biliyan 1. Shi ne na biyu cikin abubuwan da ke cinye wa mutane shekarun lafiya ba tare da sun kashe su ba, a tsakanin mata 'yan ƙasa da shekara 50 kuwa shi ne na ɗaya. Bayan balaga, mata sun ninka maza kusan sau uku. Shekarun da ya fi kamawa su ne na karatu, na goyo, na neman abinci, kuma sau da yawa mai fama da shi tana shan zargin raki ko son jiki a kan ciwon da ba a gani.

Ita ƙwaƙwalwa ba ta jin zafi. Zafin yana fitowa ne daga tantanin da ya lulluɓe ta da jijiyoyin jinin da ke cikinsa, mai kai saƙon kuma wata babbar jijiya ce mai rassa uku, tirajeminal, wadda ke kula da jin fuska da goshi. A 1990, Peter Goadsby da Lars Edvinsson suka nuna cewa wani sinadari mai suna CGRP yana ƙaruwa a jinin da ke fitowa daga kai lokacin farmaki. Wannan ganowa ta haifi sabbin magunguna, kuma a 2021 su biyun tare da Michael Moskowitz da Jes Olesen suka karɓi babbar lambar yabo ta binciken ƙwaƙwalwa da ake bayarwa a Denmak.

Magunguna suna nan, suna kuma aiki, amma kowanne da ƙofar da yake rufewa. Sumatriptan, wanda ya shigo kasuwa a farkon shekarun 1990, yana tsuke jijiyoyin jini, don haka ba a ba mai ciwon zuciya, ko wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, ko mai hawan jinin da ba a shawo kansa ba. Valproate da topiramate suna rage yawan farmaki, amma suna iya cutar da ɗan tayi, alhali yawancin masu ciwon mata ne a shekarun haihuwa. Topiramate yakan sa mutum ya riƙa laluben kalmar da ya sani sarai, abin da ya sa da yawa suke ajiye shi. Allurar erenumab, ta farko cikin masu toshe hanyar CGRP, ta fito a Amurka a 2018 a kan dala 575 duk wata.

Sai kuma tarkon da ya fi kowanne kama mutane. Wanda ke shan farasitamol ko ibuprofen kwana 15 ko fiye a wata, ko triptan, wato dangin sumatriptan, ko haɗe-haɗen maganin ciwo, ko dangin tiramadol da kodin kwana 10 ko fiye, har tsawon wata uku, yana iya wayar gari maganin ne da kansa ke jawo ciwon. Ciwo ya ƙaru, ƙwaya ta ƙaru, ciwo ya sake ƙaruwa. Irin waɗannan mutane su ne ainihin dalilin da ya sa ake neman hanyar da ba ta bi ta ciki ba.

Tunanin ba na jiya ba ne. A ƙarni na farko na Miladiyya, Scribonius Largus, likita a zamanin Sarkin Rum Claudius, ya rubuta cewa a ɗora wani kifin teku mai lantarki a kan mai ciwon kai har wurin ya yi sanyi ya daina ji. Kogunan Afirka ma suna da nasu kifin mai wannan ɗabi'a, minjirya. Amma bayanin kimiyya sai a 1965 ya zo, lokacin da Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo ra'ayin cewa saƙon zafi yana bi ta wata ƙofa kafin ya kai ƙwaƙwalwa, kuma saƙon taɓawa yana iya tura ƙofar ta rufe. Shi ya sa wanda ya bugi gwiwa yake murza wurin tun kafin ya yi tunani.

Gwajin Beljiyam

Na'urar da ta fi shahara, Cefaly, wani kamfani ne na yankin Liyej a Beljiyam ya ƙera ta. Ana manna wani ɗan faifai mai gam a tsakiyar goshi, sama da gira, inda rassan jijiyar tirajeminal ke fitowa kusa da fata, sannan a maƙala na'urar a kai. Tana sakin ƙananan bugun lantarki, sau 60 a daƙiƙa idan rigakafi ake yi, ƙarfin yana hauhawa a hankali zuwa miliamfiya 16. Mai amfani da ita yana jin tsikari da ɗan zugi a goshi har zuwa tsakar ka. In ya ji ya ishe shi, sai ya danna maɓalli ƙarfin ya tsaya nan.

Farfesa Jean Schoenen na Jami'ar Liyej ne ya jagoranci gwajin da ya fito da ita. An ɗauki marasa lafiya 67 daga asibitoci 5 na Beljiyam, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Rukuni ɗaya ya samu na'urar gaske, ɗayan ya samu ta bogi mai sakin lantarki ɗan kaɗan, kuma ba majiyyaci ba likita babu wanda ya san wa ke riƙe da wacce. Kowa minti 20 a rana, wata uku. Sakamakon ya fito a mujallar Neurology a 2013. Masu na'urar gaske, kwanakin ciwonsu sun sauko daga kimanin 7 a wata zuwa kimanin 5. Masu ta bogi kusan ba su motsa ba. Kashi 38 cikin 100 na rukunin farko sun ga ciwonsu ya ragu da rabi ko fiye, a rukuni na biyu kashi 12 ne. A watan Maris na 2014 FDA ta amince da ita don rigakafi.

Kwana biyu a wata ba abin rainawa ba ne. Ga malamar makaranta ko mai shago, kwana 24 ne a shekara da aka ƙwato daga ɗaki mai duhu. Sai dai alƙaluman nan suna da wata fuska da ya wajaba a kalla: mutum 6 cikin 10 ba su kai ga ragin rabi ba, kuma mutum 67 ƙaramin taro ne idan aka gwada da dubban da ake gwada sabon magani a kansu. Ƙa'idar da ake bi wajen amincewa da na'ura mai ƙarancin haɗari ta fi ta magani sauƙi. Amincewar hukuma ta fi tabbatar da cewa abin ba ya cutarwa fiye da tabbatar da girman amfaninsa.

An kuma gwada ta wajen kashe farmakin da ya riga ya fara. A wani gwaji na mutum 106 da aka wallafa a 2019, awa ɗaya na na'urar gaske ya rage tsananin zafi da kashi 59 cikin 100, ta bogi kashi 30. Gwaji mafi girma, na mutum 538 da suka yi amfani da ita a gidajensu, ya fito a 2022 da sakamako mai sanyi: bayan awa biyu, kashi 25.5 sun rabu da ciwon gaba ɗaya, a rukunin bogi kashi 18.3. Ƙwayar sumatriptan mai miligiram 100 tana kai kusan kashi 32 ga wannan matsayi, maganin bogi kuma kashi 11. Wato ƙwaya ta fi ƙarfi.

Inda na'urar ta yi zarra shi ne rashin illa. Da aka bibiyi mutum 2,313 da suka yi hayarta, kashi 4.3 cikin 100 ne kawai suka kawo ƙorafi, mafi yawa rashin jure tsikarin, sai gyangyaɗi, sai jan fata. Babu wanda ya samu mummunar illa. Tun 2020 ana sayar da ita a Amurka ba tare da takardar likita ba.

Maganaɗisu, wuya da damtse

Cefaly jijiyar waje take taɓawa. Na'urar da ke kaiwa ga ƙwaƙwalwa kai tsaye daga Ingila asalinta yake. A 1985, Anthony Barker da abokan aikinsa a Shefil suka nuna cewa idan aka saki bugun maganaɗisu mai ƙarfi kusa da kai, yana ratsa ƙoƙon kai ba zafi, ya haifar da ɗan lantarki a saman ƙwaƙwalwa, har yatsan mutum ya motsa ba da nufinsa ba. Masu binciken ciwon ɓarin kai suka ga dama: in aka saki bugun a ƙeya daidai lokacin da igiyar Leão ta fara tafiya, ƙila a katse ta. Gwaji a kan dabbobi ya nuna hakan na yiwuwa. A 2010 Richard Lipton na Niyok ya wallafa gwaji a kan mutum 164 masu ganin gargaɗi. Kowa ya riƙe na'urar a ƙeya ya danna sau biyu. Bayan awa biyu, kashi 39 cikin 100 sun warware sarai, masu ta bogi kashi 22. FDA ta amince a Disamban 2013. Hukumar tantance magunguna ta Ingila, NICE, ta duba hujjojin a 2014 ta ce ba su da yawa, ta nemi a ƙara bincike.

Labarin gammaCore ya fi kowanne koyar da darasi. Jijiyar begas tana saukowa daga gindin ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya zuwa zuciya, huhu da hanji. A 1997 FDA ta amince a riƙa dasa wa masu farfaɗiya na'urar da ke tsokanarta, wasunsu kuma suka riƙa cewa ciwon kansu ya ragu. Wani kamfanin Amurka, electroCore, ya ƙera gammaCore, wadda ake dannawa a gefen wuya daga waje, minti biyu-biyu. Cristina Tassorelli ta jagoranci gwajinta a Italiya a kan mutum 243. A minti 30 da minti 60 na'urar gaske ta fi ta bogi a fili. Amma a awa biyu, wanda shi ne ma'aunin da masu binciken suka ɗaure kansu da shi tun farko, waɗanda suka warware sarai sun kasance kashi 30.4 da kashi 19.7, tazarar da a lissafin ƙididdiga ba ta kai a rantse ba sa'a ce ta kawo ta ba. Babban gwajin rigakafi da aka wallafa a 2019 shi ma bai raba gardama ba: ragin kwana 2.3 a wata da na'urar gaske, 1.8 da ta bogi. Daga baya aka gano cewa ta bogin ma tana ɗan tsokanar jijiyar.

Nan ne ƙashin bayan matsalar wannan fanni yake. Ƙwayar bogi abu ce mai sauƙi, gari ne da aka dunƙule. Na'urar bogi fa? In ba ta tsikari, majiyyaci zai gane an ba shi fanko, gwajin ya lalace. In tana tsikari, to tana taɓa jijiya, ta daina zama bogi. Ga shi kuma ciwon kai yana cikin cututtukan da sa rai ke tasiri a kansu ƙwarai, na'ura mai fitila da ƙara kuwa ta fi ƙwaya cika ido. Saboda haka kuskuren na iya faɗawa kowane ɓangare: a wani gwajin a zuzuta amfanin, a wani a rage shi. Duk wanda ya karanta tallar ɗaya daga cikin na'urorin nan, abin da ya kamata ya fara nema shi ne adadin da rukunin bogi ya samu. Yana da kyau kuma ya san cewa kamfanonin da ke ƙera su ne suka ɗauki nauyin yawancin manyan gwaje-gwajen.

Ita gammaCore ta fi samun gindin zama a wani ciwon kan dabam, mai zuwa a jere yana huda bayan ido guda, wanda NICE ta amince a yi amfani da ita a kansa a 2019.

Mafi ban mamaki a cikinsu ba ta kusantar kai ma sam. Nerivio, ƙirar kamfanin Theranica na Isra'ila, a damtse ake ɗaura ta, a sarrafa ta da manhajar waya, minti 45. Dabarar ta samo asali daga binciken da Daniel Le Bars ya yi a Faransa a 1979, wanda ya nuna cewa zafi a wani sashe na jiki yana sa gindin ƙwaƙwalwa ya saki umarnin rage zafi a ko'ina. Na'urar tana tsokanar jijiyoyin damtse da ƙarfi, amma ƙasa da inda zai zama ciwo, don ta tayar da wannan birki na jiki. A gwajin David Yarnitsky na 2019, mai mutum 252, kashi 66.7 cikin 100 sun samu sauƙi a awa biyu, masu ta bogi kashi 38.8. Waɗanda suka warware sarai kashi 37.4 ne da 18.4. A gwajin rigakafi na 2023, amfani da ita kwana ɗaya bayan ɗaya ya rage kwana 4 a wata, ta bogi kwana 1.3. An amince da ita ga 'yan shekara 12 zuwa sama a 2021, aka sauko zuwa shekara 8 a 2024. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin magungunan da aka tabbatar wa yara kaɗan ne, kuma ɗaliba tana iya sa ta ƙarƙashin hannun riga tana zaune a aji.

Soso biyu da batir

Hanyar da ta fi dacewa da sunan tsokanar ƙwaƙwalwa da lantarki ita ce wadda masana ke taƙaita sunanta da tDCS, kuma ita ce mafi sauƙin haɗawa: soso biyu da aka jiƙa da ruwan gishiri, a ɗaure su a kai, a bi da lantarki mai rauni, miliamfiya 1 zuwa 2, na kimanin minti 20. A shekarar 2000, Michael Nitsche da Walter Paulus na Jami'ar Göttingen a Jamus suka nuna cewa wannan ɗan lantarki ba ya tilasta wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa tashi, sai dai ya sa su fi saurin amsawa ko su fi nawa, gwargwadon sandar da aka ɗora a wurin. Da yake ƙwaƙwalwar mai ciwon ɓarin kai tana amsa haske da ƙara fiye da kima, fata ya yi yawa cewa za a iya daidaita ta.

Gwaje-gwajen farko ƙanana ne. Andrea Antal, ita ma a Göttingen, ta gwada a kan sashen gani na mutum 26 a 2011: tsananin zafi ya ragu, amma yawan farmaki bai bambanta da na rukunin bogi ba. A 2012 Alexandre DaSilva ya gwada a kan sashen motsi na mutum 13 masu ciwon da ya zama na kullum, ya ga sauƙin da bai bayyana ba sai bayan makonni. Wasu ƙananan gwaje-gwaje daga ƙasashe dabam-dabam sun ba da labari mai daɗi, amma kowa da inda ya ɗora sosonsa, da sandar da ya zaɓa, da yawan zaman da ya yi, har ya zama da wuya a haɗa su a fitar da magana ɗaya. Da Licia Grazzi da abokan aikinta a Milan suka gwada a kan mutum 135 masu ciwon kullum haɗe da yawan shan magani, sakamakon da suka wallafa a 2020 ya nuna babu bambanci tsakanin lantarkin gaske da na bogi.

Akwai kuma tambayar ko lantarkin yana isa inda aka aike shi. A 2018, ƙungiyar György Buzsáki da Antal Berényi ta auna a kan gawarwaki da ɓeraye, ta samu cewa kusan kashi uku cikin huɗu na lantarkin yana ɓacewa a fata da ƙashi kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Har yau FDA ba ta amince da wannan hanya don ciwon ɓarin kai ba. Abin lura ne cewa na'urorin da suka tsaya a jijiyoyin waje sun fi tara hujja a kan wadda ta nufi ƙwaƙwalwa kai tsaye.

Sauƙin haɗa ta ya jawo wasu suna ƙera tasu a gida da ƙaramin batir. A 2016 gungun masana suka fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa a mujallar Annals of Neurology suna jan kunne: lantarkin yana shafar sassan da ba a nufa ba, abin da ya yi wa wani daidai yana iya yi wa wani akasi, kuma fata tana ƙonewa in soso ya bushe. A ɗaya gefen, bai kamata a rikita waɗannan hanyoyi da jinyar girgiza ta asibitin ƙwaƙwalwa ba, wadda ake yi bayan an sa mutum barci, da lantarkin da ya ninka na tDCS sau ɗaruruwa. A nan mutum idonsa biyu, yana iya karatu ko hira.

Wa za su amfana

Ƙungiyar likitocin ciwon kai ta Amurka, a matsayar da ta fitar a 2021, ta sanya na'urorin cikin abin da za a iya ba wanda magani bai yi masa aiki ba, ko bai jure shi ba, ko yake da dalilin guje masa. Su ne mai ciwon zuciya da aka hana triptan, da matar da ke shirin ɗaukar ciki bayan ta yi shawara da likitanta, da yaro, da wanda ake ƙoƙarin raba shi da ƙwayar da ta zame masa ciwo. Ana iya haɗa su da magani, tunda ba sa karo da shi a cikin jini. Amma mai na'urar daidaita bugun zuciya ko wata na'urar lantarki da aka dasa a jiki ba ya amfani da su. Mai ƙarfe a cikin kai ya nisanci na goshi da na maganaɗisu, mai farfaɗiya kuma sai da izinin likita.

Sai batun kuɗi. Cefaly daloli ɗaruruwa ce, faifan goshin kuma yana ƙarewa a sake saye. Nerivio tana da adadin zaman da in ya cika sai a sayi sabuwa. Ita gammaCore sai an riƙa sabunta ta da kuɗi. Ga mai ciwon da ke Kano ko Maraɗi, matsalar ta ma riga kuɗin na'ura: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasashe masu arziki suna da ma'aikatan cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiya har ninki 70 na ƙasashe marasa ƙarfi, idan aka auna da yawan jama'a. Da yawa ba a taɓa faɗa musu sunan ciwonsu ba. Suna sayen ƙwaya a kemis, wani lokaci a yi ta ba su maganin maleriya ko taifot a kan ciwon da ba shi ba ne, alhali propranolol, maganin rigakafi mai araha, yana cikin jerin muhimman magunguna na hukumar, sumatriptan ma ya shiga jerin a 2021. Ƙananan injinan tausa masu lantarki da ake tallatawa don ciwon baya ba madadin waɗannan na'urori ba ne, kuma ɗora su a gaban wuya haɗari ne, domin akwai jijiyoyin da ke taɓa bugun zuciya da hawan jini a wurin.

Ba kuma kowane ciwon kai ne ɓarin kai ba. Wanda ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, musamman a lokacin zafi da sanƙarau ke yawo, ko da raunin hannu da karkacewar baki, ko ya kama mai tsohon ciki tare da kumburi da dishi-dishin gani, ko ya fara sabo bayan shekara 50, wannan na gaggawa ne zuwa asibiti.

Likitocin da ke rubuta wa marasa lafiya na'urar rigakafi suna bin tsari mai sauƙi. Kafin a fara, majiyyaci ya yi wata guda yana rubuta kowace ranar da kai ya sara, da tsananinsa, da ƙwayar da ya sha, da abin da ya gabace shi, ko rashin barci ne, ko tsallake abinci, ko azumi, ko al'ada. Sannan ya yi amfani da na'urar yadda aka tsara, ba fashi, wata biyu zuwa uku, domin a gwajin gammaCore na rigakafi waɗanda suka kiyaye ƙa'idar ne kawai aka ga bambanci a kansu. A ƙarshen wa'adin a ɗora lissafin farko kusa da na ƙarshe. In kwanakin ciwo sun ragu da rabi, ko ƙwayoyin da ake sha sun ragu a fili, a ci gaba. In ba haka ba, a ajiye ta a koma ga wata na'urar ko wani maganin.